Gyaran tsakar gida: ina ruwan zai bi, wa zai ɗauki nauyin?

Idan bene ya rufta a babban birni, duk ƙasa sai ta ji. Har yau ana tuna ginin nan mai hawa 21 da ya zube a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40, da makarantar Saints Academy ta unguwar Busa Buji a Jos da ta danne ɗalibai ranar 12 ga Yuli 2024 aka rasa rai 22. Kanawa ma ba su manta da benen titin Beirut na watan Agustan 2022 ba. Irin waɗannan su ake kafa wa kwamiti, manya su je jaje. Amma akwai rushewar da ba ta kaiwa gaban kwamiti: katanga ta faɗa wa yara cikin dare ana ruwa, murfin shadda ya burma da matar gida, soro ya zauna a kan tsoho yana barci. Kafin azahar an kai su makwanci, a ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Babu musu, komai da ƙaddara. Sai dai in ka bi diddigi, sau da yawa za ka tarar ba tsufa kaɗai ya kayar da ginin ba. An taɓa shi. An yi ciko, ko an malala siminti, ko an ɗora wani abu a sama, damina ɗaya ko biyu kafin abin ya faru, kuma da niyyar gyara aka yi.

A ganina gyara ya fi sabon gini hatsari, ko da yake mutane akasin haka suke ɗauka. Mai sabon gini yana ganin ƙasar da zai hau, shi ya haƙa fandisho, ya san zurfinsa. Mai gyara kuwa a kan aikin wani yake ɗorawa, sau tari wanda ya yi aikin ya daɗe da rasuwa, babu zane, babu wanda zai ce ga inda tsohuwar rijiya take ko ga inda aka taɓa binne masai. Kuma da yake muna kallon tsakar gida a matsayin fili kawai, ragowar abin da ɗakuna suka bari, ba ma jin cewa taɓa ta taɓa ginin ne.

Alhali ita ce ke riƙe da gidan. Ba ina nufin girki da wanki da shanya da daka ba, ko taron suna da zaman makoki, ko da yake duk a nan ake yin su. Ina nufin aikin da take yi wa bango da rufi. Duk kwanon da ke gidan da duk indararo cikinta suke zuba. Ɗakunanmu da yawa taga ɗaya gare su, ita ma tsakar gida take kallo, ke nan iskar da ake shaƙa a ɗaki daga nan take zuwa. Ita ce kuma tazarar da ke tsakanin rijiya da shadda. Duk gyaran da aka yi mata, ko dai ya sauya wa ruwa hanya, ko ya ƙara wa wani wuri nauyi, ko ya toshe iska. Tayil da fenti daga baya suke zuwa, amma mu da su muke fara lissafi.

Ruwa shi ne babba, don haka bari in daɗe a kansa. Ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ne. Tsakar gida mai mita 10 ta kowane ɓangare, in aka sheƙa ruwa irin na Agusta har milimita 50, za ta karɓi lita 5,000, wato jarka 200 ta masu lita 25, ba a haɗa da wanda kwano ke kwararowa ba. Lokacin da take ƙasa ko daɓe, wani ya nutse, wani ya tafi a hankali. Ranar da aka malale ta da kankare ko aka shimfiɗa tayil bango zuwa bango, babu ɗigon da zai nutse. Duka zai taso lokaci guda ya nufi rariyar da kakan gidan ya huda don ruwan da bai kai rabin wannan ba. Rariya ta cika, ruwa ya koma baya, ya nemi wuri mafi kwari ya kwanta. Galibi wurin nan gindin bango ne.

Nan ne maganar gangare ta shigo, kuma nan ne aka fi yin sakaci, don ido ba ya gani sai an yi ruwa. Shimfiɗar tsakar gida tana bukatar ta gangara da kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta nisanci ɗakuna ta nufi mafita, sannan ta kasance ƙasa da daɓen ɗaki da aƙalla santimita 15. Birkilan da ya san aikinsa zai ɗauko siririn tiyo mai ruwa a ciki ya fitar da lebur, ya yi alama a bango, ya ɗaura zare kafin ya kwaɓa ko shebur ɗaya. Wanda ke sauri da ido zai auna. Maigida ba ya bukatar ilimin injiniya kafin ya bambanta su: ya sa a sheƙa bokiti biyu a kusurwar da ta fi nisa da rariya, ya tsaya ya ga inda ruwan zai tafi, kafin ya biya cikon kuɗi. Kuma ba dole ba ne a rufe ko'ina. Intalok da aka jera a kan yashi yana barin wani ruwan ya nutse, in bututu ya fashe a ƙasa a ɗaga a gyara a mayar. Barin wani yanki na ƙasa a tsakiya, nesa da bango, yana rage gudun ruwa, yana rage zafi. Wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a kan kankare da daren Afrilu ya san yadda yake riƙe zafin rana har tsakar dare.

Akwai matsalar da ba maigida ya jawo ta ba, amma a kansa take ƙarewa. A tsofaffin unguwanni, duk lokacin da aka gyara titi ko lungu sai a ɗora sabo a kan tsoho, a gina lambatu sama da inda yake da. A kwana a tashi, titi ya fi gida tudu, rariyar da ke fitar da ruwa ta koma mai shigo da shi. Me maigida zai yi? Ya sayi tifar ƙasa biyu ya cike tsakar gida ta daidaita da waje. Yanzu ɗakuna ne suka koma rami, sai a yi musu dandamali a bakin ƙofa, ana tsallakawa ana gangarawa. An tare ruwan da ake gani. Amma bangon ɗakin yanzu ya nutse cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa har wajen gwiwa, sama da layin da aka shimfiɗa ledar hana danshi, in ma an shimfiɗa ta tun farko. Bulo yana tsotsar ruwa yana hawa da shi sama. Za ka ga fenti ya kumbura, wani farin gishiri ya fito, filasta tana zubar da gari in ka shafa, bayan gado da ƙasan kabad suna wari. Abin da aka saba yi shi ne a manna tayil daga ƙasa zuwa rabin bango. Danshin ba ya tafiya ko'ina, ya hau ya ɓullo ta saman tayil ɗin, bulon da ke baya kuma yana ci gaba da ruɓewa ba mai gani.

Wannan cikon kuma yana yi wa katanga abin da ba a gina ta dominsa ba. Katangar gida an yi ta ne ta tsaya da kanta ta tare ido da ɓarawo. Da zarar an tara ƙasa a gefe ɗaya, ta koma mai tokare ƙasa, ga shi jiƙaƙƙiyar ƙasa mai tsawo da faɗi da zurfin mita 1 ta kusa tan 2. Yawancin katangunmu da bulo mai inci 6 ake yin su, babu fila, fandishon bai wuce layi biyu ba. Sai kuma maƙwabci ya yi bene, ko ɓarayi su dami unguwa, a ƙara layi huɗu a sama. Doguwa, siririya, ƙasa na tura ta, gindinta a jiƙe, iskar farkon damina ta zo. In za ta faɗi ba cikin gidan mai ita take faɗawa ba, waje take yi, cikin lungu ko gidan maƙwabci, inda yara ke fakewa ko almajirai ke kwana. Katangar da za a ƙara wa tsawo ko a cike gefenta tana bukatar fila mai rodi kamar kowace mita 3, da ƙananan huji a ƙasa da ruwa zai riƙa tsiyaya, in kuma tushen bai kai ba gara a sauke ta a sake. Malaman fiƙihu ba su bar wannan ba: katangar da ta karkata, aka gargaɗi mai ita bai gyara ba, in ta faɗi ta yi ɓarna shi zai biya.

Gidan ƙasa hukuncinsa daban, kuma a nan ne nake ganin mun fi cutar kanmu da sunan ci gaba. Ginin ƙasa ba rauni ba ne. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka yi ta, tana tsaye tun gyaran 1844. Abin da ke tsayar da irin wannan gini shi ne kulawa: yaɓe a kan kari, makuba ko laso a jikin bango da saman soro, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindi. Bangon tubali yana shan danshi yana fitarwa. In aka lulluɓe shi da filastar siminti, kamar a sa wa mai gumi rigar leda ne: danshin da ya shiga ta ƙasa ko ta wata 'yar tsaga ba shi da hanyar fita. Siminti da ƙasa kuma ba sa kama juna, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka filastar takan rabu da bangon. Ƙwanƙwasa ka ji, ƙarar fanko za ta yi. A waje gida fes da fenti, a ciki ƙasa ta zama taɓo, gara na cin azara hankali kwance. Da, maigida yana ganin inda ruwa ya zaizaye ya sa a cike kafin damina ta gaba. Yanzu ba ya ganin komai sai ranar da bangon ya zauna. In aka haɗa da malale tsakar gida har jikin bangon, an toshe hanya ta ƙarshe da danshi ke bi ya fita.

Saman soro ma haka. Azara ba ta cika ɗaukar faɗin da ya wuce mita 2 ba in babu dabara, abin da ya sa maginan gargajiya suke yin bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke tallafe rufi, a manyan soraye. Shekara da shekaru ana ƙara yaɓe a sama ba a kankare tsoho, nauyi na ƙaruwa, sai wani ya zo ya ɗora kankare a kai wai don ya huta da yoyo. Daminar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram a farkon Satumba, ta nuna cewa ruwan da ake samu a wasu shekarun yanzu ya fi ƙarfin ginin da aka bari ba kulawa ko aka yi wa gyaran da bai dace da shi ba. Wanda ke da gidan ƙasa, magini na gargajiya ya kamata ya fara kira, ba birkilan bulo ba. Suna nan, ko da sun yi ƙaranci.

Sai abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Kusan kowace tsohuwar tsakar gida tana da rami da aka manta: rijiyar da ta ƙafe aka cika da shara da ɓaraguzai, masan da ya cika aka rufe aka haƙa wani. Cikon shara ba ya daina zama, shekara goma yana nitsewa. A Kano ma akwai gidaje da aka gina kacokan a kan kududdufin da aka cike da bola. In aka kafa bangon sabon ɗaki rabinsa a kan ƙasa mai tauri rabi a kan irin wannan, tsagewa ba makawa. Dattawan gida da na unguwa su ne taswirar da ta rage, a tambaye su kafin a haƙa.

Murfin shadda da na sokawe sun fi ba ni tsoro. Iskar da ke tashi daga ciki tana cin kankare da rodi ta ƙasa, ɓangaren da ba wanda ke gani. Murfin da aka zuba shekara ashirin da suka wuce, da 'yan rodi ƙalilan, wani ma da tsohon ƙarfen gado, sai a zo gyara a bi ta kansa da tayil, har a manta daidai inda yake. Daga baya a faɗaɗa ƙofa a riƙa shigo da mota tana kwana a kai, ko a ɗora tukwanen biki da taron mata a wurin. Gyaran tsakar gida shi ne lokacin da ya dace a buɗe murfin a duba, a sake shi in ya ci, a sa bututun iska mai tsawo da ya wuce rufi, a bar ƙofar kwashewa a bayyane. Kuma kada kowa ya shiga. Jami'an kashe gobara a Kano sun sha ciro gawarwaki daga shadda da rijiya, sau da yawa ba ɗaya ba: na farko ya shiga ciro waya ko yin gyara ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi.

Tazarar rijiya da shadda kuwa, ƙa'idar da masu aikin lafiya da agaji suka fi bi ita ce mita 30. Fuloti mai ƙafa 50 ta kowane ɓangare, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka auna, bai kai mita 22 ba. Ke nan a irin wannan gida ƙa'idar ba za ta cika ba, balle a sa shaddar maƙwabci da ke bayan katanga a lissafi. Ba cewa nake a rufe rijiyoyi ba, mutane ba su da famfo. Amma mai ƙara banɗaki a kowane ɗaki, kamar yadda ake yayi yanzu, ya san cewa ya ninka ruwan da ke shiga ƙasa kusa da abin da iyalinsa ke sha. Aƙalla a ɗaure bakin rijiya da siminti, a ɗaga shi, a yi murfi mai kulle saboda yara, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa magani. Taifot da amai da gudawa ta nan suke shigowa.

Nauyi shi ne abu na biyu bayan ruwa, kuma lissafinsa ma a fili yake. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Tankin lita 2,000 in ya cika tan 2 ne, ya fi ƙaramar mota nauyi. Ana ɗora shi a kan rufin banɗaki da aka zuba don tare rana kawai, ko a kan ƙafafu huɗu na siririn ƙarfe da mai walda ya haɗa aka kafa a ƙasa ba tushe, daidai inda mata ke wanke-wanke. Tanki kuma yana ambaliya, ruwan na jiƙa gindin ƙafafun, tsatsa na ci. Dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita, wato ɗaki mai mita 4 ta kowane gefe dekinsa kaɗai ya kusa tan 6, ba a sa bangon sama da rufi da mutane da kayan amarya ba. Wannan ake ɗora wa bangon da aka gina don ya ɗauki katako da kwano.

Yadda maganar take tafiya kowa ya sani. Yaro zai yi aure, fili ya ƙare, sai sama. Maigida ya kira birkila ya ce, "Malam, wannan zai ɗauki bene kuwa?" Shi kuma ya daki bango da tafin hannu ya ce, "Alhaji, zai ɗauka, mun yi wanda ya fi wannan." Bai haƙa ya ga tushe ba. Ba lallai ƙarya yake yi ba, mai yiwuwa ya yi goma suna tsaye, amma sa'a ba lissafi ba ce. Wannan tambaya ta injiniya ce mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, wanda zai sa a tona gefen fandisho, ya duba ƙasar, ya ce a kafa sababbin fila daga ƙasa ko a haƙura. A yankunan da ke da baƙar laka, kamar sassan Borno da Gombe da Adamawa, inda ƙasa ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, abin ya fi tsanani. Kuɗin injiniya na zuwa ɗaya ba ya kai kuɗin tayil ɗin falo.

Ko an yi zane daidai, a wurin zubi ake lalata aiki. Barandar da ta fito ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, rodinta a sama ya kamata ya zauna, amma leburori masu ɗaukar kwanon kankare suna bi ta kai suna tattake shi ya kwanta ƙasa, inda ba ya amfanin komai. 'Yan gutsattsarin simintin nan da ake kira biskit, masu ɗaga rodi daga katako don kankare ya lulluɓe shi, in ba a sa ba rodi ya fito fili ya yi tsatsa, ya kumbura ya fasa kankaren. Ana ƙara wa kwaɓi ruwa don ya yi sauƙin zubawa, ƙarfinsa ya ragu. Kankare na bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, amma biki ya matso, mai katako na son kayansa, a cire tokara da wuri. Bulo kuwa, ka kankare shi da ƙusa ko ka jiƙa shi ka gani: in gefensa na marmashewa a hannu, yashi ne aka nuna wa siminti.

Ba na ɗora wa magina laifin duka. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024, maigida da kansa yake cewa a rage, a sa rodi mai milimita 10 inda ya kamata a sa 12 ko 16, "ai ba bene goma za mu yi ba." Aikin kuma jinga ne, wanda ya tsaya yin a hankali shi ke asara, wanda ya ce ba zai yi ba a kira wani. Araha ba ta ado, amma talauci ma gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne in kuɗi bai isa duka ba, a san abin da za a jinkirta. Tayil zai jira shekara biyu ba abin da zai faru. Tushe da rodi da magudana in an binne su ba a komawa.

Rufe saman tsakar gida da kwano ya zama yayi, don a huta da ƙura da ruwa da ƙudaje. In an rufe wani ɓangare aka bar wani, rumfa ce mai amfani. In an rufe ruf, ɗakunan da ke shaƙa ta nan sun rasa iska da haske, ga gawayi, ga janareta da aka shigo da shi ciki saboda ɓarayi. Hayaƙin da ke kashe mutane a barci ba shi da launi ba shi da wari, an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun tafi. Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi, in tukunya na yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, a buɗaɗɗen wuri iska ta kwashe, a rufaffe ya jira ashana. Mu da ke fama da sanƙarau duk bazara, rage iska a gida mai cunkoso ba gyara ba ne. Tayil mai santsi a inda ake alwala da wanki ya karya tsofaffi da yawa, a nemi mai kaushi. Wayar sumo, injin jawo ruwan rijiya, da ta fitilar waje kuma a sa ta cikin bututu, kada a binne ta tsirara a ƙarƙashin wurin da ruwa ke kwanciya.

Doka tana nan a takarda. Ƙara hawa ko sauya fasalin gini na bukatar izinin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, da takwarorinsu a sauran jihohi, kuma Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Amma talaka ya san hukumar ne da jan fenti a bango da tarar kuɗi, don haka ɓoye mata yake yi, ya yi zubi ranar Lahadi. Aikin cikin gida kuma ba a ganinsa daga titi. Da hukumomin nan za su ware ƙananan injiniyoyi da magina masu rajista su riƙa duba ƙananan gyare-gyare a kan kuɗi kaɗan sananne, ta hannun masu unguwanni, ba tare da barazanar rusau ba, da sun ceci rayukan da ba sa shiga labarai. Kuma mai gyaran titi ya daina ɗaga hanya ya tafi ya bar unguwa a rami.

Gidan gado ya fi kowanne wuya. An raba, kowa ya ja katanga a rabonsa, tsakar gida ɗaya ta zama lunguna huɗu, rariya ɗaya ta faɗa rabon mutum ɗaya. Wanda ya fi kuɗi ya cike nasa ya ɗaga, ruwansa ya gangara ɗakin ƙanwarsa. Kafin a ja layin rabo ya kamata a zauna a kan hanyar ruwa da shadda da hanyar fita in gobara ta tashi, a rubuta. A irin wannan zama kuma a saurari matan gidan. Su ke wuni a tsakar gida, su suka san inda ruwa ke kwana uku bai bushe ba, da inda ƙasa ke amsawa in an yi daka, da ƙofar da ta fara cijewa tun bara. Sau da yawa sai an gama ciniki da birkila a zaure suke jin labari.

Gini ba ya cika faɗuwa bai yi magana ba. Bayan da wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar ranar 11 ga Agusta 2023 aka rasa aƙalla rai 7, Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, sirara irin na gashi a filasta yawanci bushewa ce. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ko ta fi faɗi a sama, ko ta ratsa har ana ganinta ciki da waje, wannan tushe ne ke motsi. A ja mata layi da fensir a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, a duba bayan mako. In ta wuce layin, ko bango ya yi ciki, ko ƙasa na zubowa daga rufi, a kwashe mutane daga ɗakin a daren, ko da a zaure za su kwana, a kira mai sani da safe. Cusa mata siminti a shafe da fenti ɓoye ta ne kawai.

Wanda ke niyyar gyara, ya bari damina ɗaya ta wuce yana kallo. Ana tsaka da ruwa ya fito da lema ya ga inda indararo ke zuba, inda ruwa ke taruwa, ko rariya na fitarwa ko shigowa take yi, ya yi alama da gawayi a bango. Aikin kansa bayan kaka ya fi, ƙasa ta tsane, akwai watanni kafin hadari. Sai dai iskar hunturu na busar da siminti da wuri, don haka ban-ruwa safe da yamma ya zama dole, a rufe sabon zubi da jiƙaƙƙen buhu, kuma a hana yara wurin har a cire tokara.